Ƙirƙirar manhajojin GIS don wayoyin hannu

Manhajar GIS ta wayar hannu manhaja ce da ke ɗaure kowane bayani da wurin da ya shafa, ta nuna shi a kan taswira, sannan ta ba mai riƙe da wayar damar ƙara sabo ko gyara tsoho yana tsaye a wurin. GIS taƙaitaccen suna ne na tsarin adana bayanan ƙasa da nazarinsu a kwamfuta. A cikinsa burtsatse a Kuje ɗigo ne, titi layi ne, fuloti a Gwarinpa kuma kewaye ne mai kusurwoyi, kowanne da bayanansa a maƙale: na wane ne, yaushe aka duba shi, yana aiki ko ya lalace.

Asali

Roger Tomlinson ne ya jagoranci gina GIS na farko a Kanada a shekarun 1960, kuma aka kafa Esri, kamfanin da ke yin manhajojin GIS, a Amurka a 1969. Tsawon shekaru aikin na ofis ne da manyan kwamfutoci. Abubuwa uku suka fito da shi fili: a watan Mayun 2000 Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS, wato taurarin ɗan'adam masu nuna wuri, da gangan ga farar hula, a 2004 Steve Coast ya fara OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya gyarawa, sai kuma fitowar iPhone a 2007 da Android a 2008.

A Abuja an kafa hukumar AGIS a 2003, zamanin ministan birnin Nasir El-Rufa'i, don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta. A shekarar ce kuma hukumar sararin samaniya NASRDA, mai hedikwata a Abuja, ta samu tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1.

Yadda waya ke gane inda take

Taurarin GPS na yawo a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma waya na buƙatar sigina daga aƙalla huɗu kafin ta lissafa matsayinta. Wayoyin yanzu sukan haɗa da GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Karɓar siginar ba ya buƙatar data ko sabis. Abin da ke cin data shi ne sauko da hoton taswirar. Mutane da yawa kan rikita waɗannan biyun.

A fili tsararo, waya kan yi kuskuren kamar mita 5. A tsakanin dogayen benaye na tsakiyar birni, ko a gindin duwatsun Mpape, siginar kan daki bango ta dawo, sai ɗigon ya riƙa tsalle. Wannan ya isa a nuna inda asibiti yake. Bai isa a kafa dutsen iyakar fuloti ba, domin mita 5 a Maitama shari'a ce. Aikin iyaka na masu safiyo ne da na'urorinsu, kodayake ana iya haɗa irin waɗannan na'urori da waya ta Bluetooth. Manhaja mai kyau takan adana girman kuskuren tare da kowane ɗigo, ta ƙi karɓar wanda ya wuce ƙa'ida.

Kayan aiki

Ana rubuta manhajar Android da Kotlin ko Java, ta iPhone da Swift, ko a yi amfani da Flutter ko React Native a rubuta sau ɗaya ta hau duka biyun. Zanen taswirar kuwa ba a fara shi daga tushe. Ana ɗauko kayan Google Maps, Mapbox, ArcGIS, ko MapLibre wanda kyauta ne. Bayanan kan taru a rumbu irin PostGIS. Sau da yawa ma ba sai an rubuta sabuwar manhaja ba: manhajoji irin su ODK, KoboToolbox, QField da Survey123 sun riga sun ɗauke aikin cike fom da ɗaukar wuri, kuma ƙungiyar da aikinta bai wuce haka ba ɓarnar kuɗi ce ta ɗauki mai rubuta manhaja.

Aiki ba tare da sabis ba

Nan ne ake gane gwani. Ana rubuta manhajar a ofis a Wuse, inda intanet ke gudu, amma wanda zai yi aiki da ita yana wani ƙauye a Kwali ko Abaji, da ƙaramar waya wadda ma'ajiyarta ta kusa cika, rana na haska fuskar wayar har ba a ganin rubutu. Saboda haka ake sauko da taswirar yankin tun kafin a fita, a fayil irin MBTiles ko GeoPackage. Taswirar waya gutsattsarin hotuna ne masu murabba'i, kuma duk matakin kusantowa ɗaya yana ninka yawansu sau huɗu. Wanda ya ce sai ya sauko da dukan ƙananan hukumomi shida na Abuja har matakin ganin rufin gida zai cika wayar.

Abin da aka tattara yakan zauna a wayar har a samu sabis, sannan ya hau rumbu. Matsalar ita ce idan ma'aikata biyu sun gyara bayanin burtsatse ɗaya, wannan ya ce yana aiki, wancan ya ce ya lalace. Dole mai ƙirƙira ya yanke tun farko: na ƙarshe ne zai tsaya, ko a ajiye duka biyun shugaban aiki ya zaɓa. GPS kuma na shan batir, don haka ake rage yawan tambayar matsayi idan mutum ba ya motsi.

Kurakuran lambobin wuri

Waya na bayar da matsayi a ma'aunin WGS 84, alhali tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya an yi su ne a ma'aunin Minna. Idan aka ɗora wannan a kan wancan ba tare da juyawa ba, fuloti zai goce da gomman mitoci, ya hau titi ko gidan maƙwabci. Wani kuskuren kuma shi ne musanya lambobi biyun. Abuja na wajen digiri 9.07 arewa da 7.49 gabas, mutane sun saba faɗin na arewa da farko, amma tsarin fayil ɗin taswira na GeoJSON na gabas yake sa wa a gaba. Idan aka juya su, ɗigon ba teku zai faɗa ba balle a lura nan take, wajejen Gboko zai sauka a Jihar Binuwai, ya zauna lafiya lau a cikin taswirar Najeriya. Ana kuma buƙatar lambobi biyar bayan ɗigon da ke tsakiyar lambar digiri kafin matsayi ya kai daidaicin kusan mita ɗaya.

Sunaye ma kan ba da wahala. Unguwa ɗaya na iya samun sunan Gbagyi, da wanda Hausawa ke kiranta, da wanda ke takardar gwamnati. Akwatin bincike ya kamata ya gane duka, ya kuma ɗauki "k" da "ƙ" a matsayin abu ɗaya, tunda ba kowane allon rubutu ke da ƙugiya ba.

Amfani da doka

Misalin da ya fi shahara a Najeriya shi ne yaƙi da shan inna: tun daga 2012 aka riƙa ba tawagogin rigakafi a jihohin Arewa wayoyi masu GPS, a ɗora sawunsu a kan taswirar garuruwa don a ga rugage da unguwannin da aka tsallake. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020. A Abuja ana ganin wannan fasaha kullum a wayar direbobin Bolt da masu kai saƙo a babur.

Sawun mutum yana fallasa gidansa, masallacinsa da makarantar 'ya'yansa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta shafi duk manhajar da ke tattara irin wannan bayani, kuma hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ce ke sa ido a kai. Daga Android 10, bibiyar wuri yayin da manhaja ke rufe na buƙatar izini na daban, daga Android 12 kuma mai waya na iya zaɓar ya ba da kusan inda yake kawai maimakon ainihin wurin.