Na Ƙara Faifai Na Biyu, Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Sa: Tambayoyi Da Amsoshi

Na ɗaura sabon faifan ajiya (hard disk), na buɗe This PC, inda Windows ke jera faifan kwamfuta, babu shi babu alamarsa. Ya lalace ke nan?

Da wuya. Galibi lafiyarsa ƙalau. Kafin faifai ya bayyana a This PC sai ya samu wuta, sai BIOS, wato tsarin da ke fara duba kayan kwamfuta kafin Windows ta tashi, ya gane shi, sannan Windows ta ba shi harafi irin D ko E. Duk inda aka samu cikas a cikin ukun nan, abin da za ka gani iri ɗaya ne: babu faifai. Don haka aikin farko shi ne gano inda ya tsaya, kafin a fara kwance-kwance ko a ce wanda ya sayar da shi ya yi ha'inci.

To daga ina zan fara?

Daga Disk Management, wato shafin Windows na kula da faifai, tunda nan ba sai ka taɓa sukudireba ba. Danna maɓallin Windows da X tare, ka zaɓe shi, ko ka danna Windows da R ka rubuta diskmgmt.msc. Duba ɓangaren ƙasa, inda aka jera Disk 0, Disk 1 da sauransu.

Sabon faifai yakan fito da baƙin zare a samansa, an rubuta Unallocated, a gefe kuma Not Initialized. Wato Windows ta gan shi, ba a dai shirya shi ba tukuna. Danna masa maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Initialize Disk. Za a tambaye ka MBR ko GPT, wato hanyoyi biyu na tsara faifai. Zaɓi GPT, sai fa idan tsohuwar kwamfuta ce ƙwarai, domin MBR ba ya iya amfani da abin da ya haura 2TB. Faifan 4TB a kansa rabi kawai za ka mora. Daga nan New Simple Volume, ka ba shi harafi, ka yi masa fomat da NTFS. Shi ke nan.

Af, idan ka sayi 1TB ka ga 931GB, ba wanda ya cuce ka. Masu ƙerawa da 1000 suke lissafi, Windows kuma da 1024.

Nawa ba sabo ba ne, akwai hotuna da takarduna a ciki. In bi wannan hanyar?

A'a, kul! Nan ne mutane suka fi yi wa kansu ɓarna. Idan faifan da ke da kaya a ciki ya nuna Not Initialized ko RAW, ko Windows ta fito da saƙon cewa sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi, ka danna Cancel ka janye hannunka. Mai yiwuwa jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake ne ya samu matsala, alhali fayilolin suna nan daram. Kamar laburare ne da rajistarsa ta ɓace, littattafan kuwa suna kan kanta. Duk abin da ka rubuta a kan faifan daga wannan lokaci yana rage damar dawo da su.

Duba abin da aka rubuta da kyau. Idan zaren shuɗi ne, an ce Healthy, amma babu harafi, aikin minti ɗaya ne: Change Drive Letter and Paths, sai Add. Idan Offline aka rubuta, danna dama ka zaɓi Online. Hakan yakan faru idan an kwafe faifai ɗaya kacokan zuwa ɗaya, sai lambar shaidarsu ta zo iri ɗaya, Windows ta dakatar da guda. Idan Foreign ne, akwai Import Foreign Disks. Idan kuwa daga Linux ko Mac aka ciro shi, to tsarinsa ext4 ne ko APFS, kuma Windows ba ta karanta su da kanta. Mayar da shi kan irin kwamfutar da ya fito, ka kwashe kayanka tukuna.

Ko a Disk Management ɗin babu shi fa?

Sai BIOS. Kashe kwamfutar ka kunna, ka riƙa danna Del ko F2 (a yawancin na HP, F10 ne). Nemi inda aka jera abin da ke haɗe da kowace ƙofar SATA, wato inda ake jona wayar faifai. Idan sunan faifan ya fito a nan, matsalar ta Windows ce, ka shiga Device Manager ka sabunta manhajar direba (driver) ta Storage controllers. Idan ƙofar an sa mata Disabled, ka buɗe ta.

Amma kada ka ga AHCI da RAID, wato yanayin aikin ƙofofin SATA, ka ce bari ka sauya ka gwada. Windows da aka ɗora a kan ɗaya tana iya ƙin tashi idan aka koma ɗayan, ka ga an je neman gira an rasa ido.

BIOS ma bai gan shi ba.

To yanzu lokacin buɗe akwatin kwamfutar ya yi. Zare wayar wuta daga bango tukuna. Faifan SATA waya biyu yake buƙata: siririya mai haƙora 7 da ke zuwa babban allon kwamfuta (motherboard), da mai faɗi mai haƙora 15 da ke fitowa daga akwatin wuta (power supply). Sau da yawa sai mutum ya sa ɗaya ya manta ɗaya, ko ya sa ta ba ta zauna ba. Cire, ka mayar har ka ji ta kama.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne musanye. Ɗauki wayoyin faifan da ke aiki ka sa wa wanda ya ƙi. Idan BIOS ya gan shi, waya ce ko ƙofa, ba faifai ba. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji, in ba haka ba ko ya tashi ba za ka san me ya gyara shi ba. Idan mai juyawa ne, ɗora yatsa a bayansa lokacin kunnawa. Za ka ji ɗan kaɗawa. SSD kam, wato faifan da babu abin da ke juyawa a cikinsa, ba ya motsi, wannan gwajin bai shafe shi ba.

Waya lafiya, faifan kuma yana aiki a wata kwamfutar. Me ya rage?

Abu biyu da ba kowa ya sani ba. A wasu manyan alluna, ramin M.2, inda ake soka siririn SSD, da wasu ƙofofin SATA hanya ɗaya suke rabawa, da zarar ka sa SSD a M.2 sai ƙofa ɗaya ko biyu su mutu. Littafin allon yana faɗin waɗanne ne. Koma wata ƙofar kawai. Shi kansa M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowane rami ke karɓar duka ba, ko da ya shiga daidai.

Na biyun ya shafi wasu manyan faifai, musamman waɗanda aka ɓaro daga akwatin faifan waje. Idan haƙori na 3 na wayar wuta ya kawo musu 3.3V, sai su ɗauka umarni ne na su kashe kansu, su ƙi juyawa sam. Masu gyara kan rufe wannan haƙorin da ɗan salatif mai jure zafi, ko su bi ta mahaɗin Molex, wato tsohon kan wayar wuta mai haƙora 4, wanda ba ya ɗauke da 3.3V.

Zan iya gwada shi ta USB?

Ƙwarai. Sai dai ƙaramin faifai mai inci 2.5 ne 5V na USB ke isar sa. Babba mai inci 3.5 yana buƙatar 12V, dole mahaɗin ya zo da nasa abin wuta.

Yana juyawa, amma ina jin ƙas-ƙas-ƙas yana maimaitawa.

Kashe shi nan take. Hannun da ke karanta bayanai ne ke kai-komo ya kasa samun wurinsa, kuma kowace kunnawa tana iya ƙara karce fuskar faifan. Kada ka buɗe murfinsa, ƙura kaɗan ta isa ta gama da shi, kada kuma ka bi masu cewa a sa shi a firiza. Idan sabo ne, mayar da shi a kan garanti. Idan kayan ciki masu muhimmanci ne, ƙwararrun dawo da bayanai za ka kai wa, ka kuma gaya musu duk abin da ka riga ka gwada a kansa.