Himalaya: tambayoyin da ake ta maimaitawa

A ina Himalaya take?

A Asiya. Jerin duwatsu ce da ta miƙe kusan kilomita 2,400 daga arewacin Pakistan, ta ratsa Indiya, Nepal, Bhutan da yankin Tibet na China. Taswira kyauta ce a waya, a duba.

Ita ce Everest?

A'a. Everest ƙololuwa ɗaya ce a cikin jerin, mita 8,848.86 bisa awon da Nepal da China suka sanar a 2020.

Ita ke kawo wa Indiya damina?

Ba kawo ta take yi ba, tare ta take yi. Daga Yuni zuwa Satumba iska mai danshi tana tasowa daga teku, kamar yadda daminarmu ke zuwa daga Atlantika. In ta ci karo da bangon duwatsu sai ta hau, kuma a duk mita 1,000 zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Danshin ya zama hadari, ya zube a gefen kudu. Abin da ya tsallaka busasshiyar iska ce. A Nepal, birnin Pokhara da ke gefen kudu yana samun ruwa fiye da milimita 3,000 a shekara, Jomsom da ke bayan tsaunin Annapurna, tafiyar minti 20 a jirgi, ba ta kai 400 ba. Leh kuwa, a yankin Ladakh na Indiya da ke bayan bangon, wajen 100 kacal. Da hunturu bangon nan ne ke kare Indiya daga sanyin tsakiyar Asiya.

To wane wata ya fi dacewa a je?

Ya danganta da gefen da ka nufa, kuma a nan ne mutane ke kuskure. A gefen Nepal na kudu, Oktoba da Nuwamba: ruwa ya ɗauke, sama ta washe. Maris zuwa Mayu ma ba laifi, sai dai hazo yakan rufe duwatsun da rana. Da damina kuwa zaftarewar ƙasa tana toshe hanyoyi, jiragen Lukla, garin da masu zuwa Everest ke sauka, su kwana biyu ko uku ba su tashi ba saboda gajimare. Amma Ladakh da yankin Mustang na Nepal, da yake suna bayan bango, lokacin nan ne suke karɓar baƙi. Ko Oktoban ma ba alkawari ba ne: a 2014 ragowar guguwar Hudhud ta jibga dusar ƙanƙara a Annapurna, fiye da mutum 40 suka rasu.

Kuma watan ba shi ne babbar matsalarka ba, tsawo ne. Lukla tana kan mita 2,860, sansanin da ke gindin Everest 5,364, inda iskar shaƙa ta kusa raguwa da rabi. Da ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana, ka huta kwana guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Ciwon kai da tashin zuciya, tsaya. Tangaɗi ko haki kana zaune, sauka nan take, ko da dare ne. Ƙarfin ƙwallon ƙafarka ba ya aiki a nan. Amma kar ka tsorata, mai hawa a hankali yawanci lafiya yake komawa gida.

Gaske ne akwai burbushin halittun teku a saman Everest?

Gaske ne. Dutsen can ƙasan teku ne a da, karon Indiya da Asiya wajen shekara miliyan 50 da suka wuce ya ɗaga shi.

Har yanzu tana ƙara tsawo?

E, 'yan milimita a shekara. Turin bai tsaya ba, shi ya haddasa girgizar ƙasar Nepal ta Afrilun 2015 da ta ci rai kusan 9,000.