Waiwaye: Giwayen zari-ruga na Kwaddibuwa da abin da ya faru a Rustenburg

A fadarmu ta Zango, nan Damagaram, ana zuba shayi na biyu ɗan ƙanwata ya miƙo mini waya. Wasan zari-ruga yake kallo, ƙarti 8 nan, 8 can, sun sunkuya sun haɗa kafaɗu suna turereniya. Ya ce, "Kawu, wannan ai kokawa ce da balo. A tara mana 'yan kokawa 15, a ba su riga, ka ga aiki." Sauran samarin suka ce ƙwarai kuwa. Ni ma ban raina ƙarfin yaranmu ba. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa ranar da ake neman takobi ya san irin mazan da ƙasar nan ta haifa. Sai dai maganarsa ta tuno mini da Giwayen Kwaddibuwa na zari-ruga, masu suna ɗaya da na ƙwallon ƙafa da suka ci Najeriya 2-1 a Abijan a 2024. Na zari-rugan kam, ko cikin 'yan'uwanmu da ke kasuwanci a Ajame ta Abijan ba kowa ya san da su ba.

Faransawa ne suka kai wasan can a zamanin mulkin mallaka, aka kafa hukumarsa ta ƙasa a 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai. Ya daɗe a maƙale a Abijan, tsakanin makarantu da 'yan kulob da ba su taka kara sun karya ba. Da aka fara gasar cin kofin duniya a 1987, Zimbabuwe aka gayyata ta wakilci Afirka, don Afirka ta Kudu na can an maida ta saniyar ware saboda wariyar launin fata. A 1991 ma Zimbabuwen ce ta je.

Sai 1994. Ƙasashe 4 suka haɗu a Kasabalanka neman gurbi guda: Maroko, Namibiya, Zimbabuwe da Kwaddibuwa. Kowa ya sa ido a kan Namibiya, wadda ta ci Italiya da Ailan a gida a 1991. Kwaddibuwa ta fara da faɗuwa a hannun Maroko, aka ce ai dama. Sai ga shi ta doke Namibiya 13-12, ta haɗa da Zimbabuwe, ta ɗauke tikitin. Har yau ita kaɗai ce ƙasar Afirka ta Yamma da ta taɓa taka wannan fage.

Su wane ne suka yi wannan aiki? Ma'aikata ne da ɗalibai, masu horo da yamma bayan an tashi daga aiki. Da yawansu a ƙananan kulob na Faransa suke wasa. Haka suka isa Afirka ta Kudu a Mayun 1995, aka jefa su rukuni ɗaya da Sukotlan, Faransa da Tonga, duk wasanninsu a garin Rustenburg. Sukotlan ta yi musu 89-0, Gavin Hastings shi kaɗai ya ci maki 44. Da Faransa sun ɗan ɗaga kai: an tashi 54-18, kuma sau 2 suka dire ƙwallo bayan layin tsohuwar uwargijiyarsu. Wanda ya san wasan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da ba su da albashi a kai.

Ranar 3 ga Yuni suka kara da Tonga. A cikinsu akwai Max Brito, mai wasa a gefe, wanda ya girma a Faransa. Sana'arsa gyaran lantarki, kulob ɗinsa na garin Biscarrosse ne. Minti 3 da farawa ya cafe ƙwallo daga sama ya zura da gudu, aka tare shi aka kayar, 'yan wasa suka zube a kansa. Kowa ya miƙe, shi bai miƙe ba. Ƙashin wuyansa ya taɓu. Aka garzaya da shi asibiti a Pretoria, likitoci suka yi aiki, amma daga wuya zuwa ƙasa jikin ya shanye. An ci gaba da wasa, Tonga ta ci 29-11. Mako 3 bayan nan Mandela ya miƙa wa François Pienaar, kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, kofi, hoton da duniya ta riƙe ke nan. Brito kuwa aka maida shi Faransa, ya yi shekara 27 tsakanin gado da keken guragu, ya rasu a Disambar 2022. An yi masa karo-karo a lokacin, amma karo-karon rana ɗaya ba ya riƙe magidanci shekara 27. A ganina nan ne masu gudanar da wasan suka gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba.

A watan Agustan wannan shekarar dai hukumar duniya ta halatta biyan 'yan wasa albashi. Daga nan tazara ta buɗe. Manyan ƙasashe suka koma horo safe da yamma, da likitoci da masu kula da abinci, ƙanana suka tsaya inda suke. Kwaddibuwa kuma ga nata na gida: juyin mulki a 1999, yaƙi daga 2002, rikicin zaɓe a 2010. Wa zai tuna da filin zari-ruga? Yaron da ya yi fice sai Faransa. Thierry Dusautoir a Abijan aka haife shi a 1981, amma Faransa ya jagoranta har wasan ƙarshe na 2011, shekarar da aka zaɓe shi gwarzon duniya.

Gurbin nan na kofin duniya ya koma hannun Namibiya, sau 7 a jere daga 1999 zuwa 2023, ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Ostareliya ta yi mata 142-0 a 2003. A Yulin 2025 Zimbabuwe ta ƙwace shi da ci 30-28 a Kampala, za ta je Ostareliya a 2027.

Wannan na zayyana wa ɗan ƙanwata, shayi har ya huce. Na ce masa, ɗana, ban hana ku ba, ni ma ina son ganin rigar Nijar a irin wannan fili. Amma kafin riga, a fara da mai koyar da yadda ake faɗuwa da yadda ake ajiye wuya a turereniya, da fili mai ciyawa, don namu tsakuwa ne da taurin ƙasa, da motar asibiti a bakin fili, da takardar da ta ce ga wanda zai ɗauki nauyin yaro in ya karye. A unguwarmu akwai wani tsohon ɗan kokawa da kafaɗarsa ta goce tun yana saurayi, madori ya ɗora, har yau ba ya iya ɗaga guga daga rijiya da hannun dama.

Yaron bai ce komai ba. Ya maida bidiyon baya zuwa wurin turereniyar, ya tsayar da shi, ya sa yatsu biyu ya faɗaɗa hoton daidai wuyan na sahun gaba. Can ya ɗago ya ce, "Kawu, ya ka ce sunan mai gyaran lantarkin?"