Waiwaye: yadda tarihin gulabenmu ya rasa masu nazarinsa

Tun da Jamus ta miƙa wa Nijeriya wasu daga cikin kayan tarihin tsohuwar masarautar Benin a Abuja a watan Disamban 2022, wata tambaya ta ƙi barin bakin masu ilimi a Sakkwato: me ya sa a ƙasar da ke alfahari da tarihi kamar tamu, da wuya a ji matashin da ke burin zama malamin jami'a a ilimin tone-tonen kayan tarihi, balle reshensa mai nazarin abin da ruwa ya binne? Wasu na cewa yaran yanzu ne ba su son aikin rana da ƙura, alhali wannan ƙaranci ya girme su, ya girmi iyayensu ma.

Farkon labarin sananne ne. Masu haƙar kuza sun ci karo da mutum-mutumin yumɓu a Nok a 1928, an buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, aka yi dokar kare kayan tarihi a 1953, masanin tone-tone ɗan Birtaniya Thurstan Shaw ya fara tono a Igbo-Ukwu a 1959, kufan Surame, birnin Kanta na Kabi, ya shiga jerin wuraren tarihi na ƙasa a 1964.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne Kainji. An gina madatsar ruwan Kainji tsakanin 1964 da 1968, kuma kowa ya san cewa idan aka tare kogin Kwara, ruwa zai haɗiye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya rasu a 1806, da tsibiran Gungawa, da garuruwan bakin kogi har zuwa ƙasar Yawuri, wadda a lokacin take cikin Lardin Sakkwato. An tashi mutane fiye da 40,000. Kafin ruwa ya iso, masana suka yi aikin ceto cikin gaggawa, suka tona wasu tuddai, kuma a kusa da Yelwa suka fito da tukwane da ƙananan mutum-mutumin yumɓu masu shekaru fiye da 1,000. Aiki ne mai daraja, amma ruwa ba ya jiran mai awo, kuma abin da aka tona kaɗan ne a kan abin da aka bari.

A ganina, a nan ne hanya ta karkace. Mutanen yankin sun fara ganin wannan ilimi a matsayin aikin baƙi masu zuwa da igiyar awo da littafi, su yi 'yan watanni su tafi, ɗan gari kuwa nasa shi ne ɗaukar kwando da rariya. Da tafkin ya cika sai muka ɗauka magana ta ƙare, kamar abin da ya nutse ya fita daga tarihi. Ga Sarkawa da Gungawa, waɗanda suka san kowane gurbi da kowane dutse a cikin kogin, suka iya sassaƙar kwalekwale da nutso tun suna yara, su ne suka fi cancanta a samu masana daga cikin jikokinsu, sai dai mu a nan idan an ce tarihi, takardun malamanmu na jihadi muke nufi. Gado ne mai girma, ba na musu, amma ya shagaltar da mu daga tsingaro da kashin maƙera da ragowar jirgin ruwa, waɗanda ke ba da labarin mutanen da ba su bar rubutu ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna girman asarar. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Yobe ta yau, ya tarar da kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000, kuma masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ne suka tone shi a 1994. A shekarun 1990 kuma masu haƙar sata suka yi ta fitar da mutum-mutumin yumɓun da kasuwar Turai ke kira na Sakkwato, ba tare da an rubuta ramin da suka fito ba, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2001 mai kare kayan tarihin ƙarƙashin ruwa, wadda ta shafi koguna da tafkuna kamar yadda ta shafi teku.

Da rani bara na tsaya a Kwalkwalawa kusa da Sakkwato, inda gulbin Rima ya janye ya bar gaɓa a tsattsage, tare da wani ɗalibi da ya tsinci tsingaro mai zanen igiya yana ta juya shi a tafin hannu. Ya ce da ni, "Malam, na so in karanta wannan fanni, amma Baba ya ce bai biya kuɗin makaranta don in zama mai haƙar rami ba." Yanzu yana aji uku a sashen lissafin kuɗi, tsingaron kuma yana ajiye a cikin akwatinsa.