Me ake nufi da "yawon buɗe ido a keke"?

Duk shekara idan 3 ga Yuni ta zagayo, wato Ranar Keke ta Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018, sai wannan kalma ta cika kunne. Bana na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa wai wasu manyan jami'ai "sun yi yawon buɗe ido a keke". Na nemi bidiyon na kalla. An rufe babban titi, motar jiniya a gaba, motar asibiti a baya, manyan sun taka feda abin da bai fi kilomita 2 ba, da sababbin hulunan kwano a karkace bisa kai. Aka ɗauki hoto, kowa ya miƙa wa yaronsa keken ya faɗa mota. Bayan wata guda, bakin nan dai ya kira gasar tseren keke ta Tour de France "gasar yawon buɗe ido ta Faransa". Nan ne haƙurina ya ƙare.

Na san inda aka samo wannan kuskure na biyu. Kalmar "tour" da ke cikin sunan gasar ita ce tushen kalmar da Turawa ke kiran yawon buɗe ido da ita. Asalinta daga Latin da Girkanci ne, sunan injin da ke juya itace ana sassaƙa shi, don haka ma'anarta zagayawa a dawo inda aka tashi. Shi ke nan abin da ta ƙunsa. Ɗan tsere yana zagayawa, mai yawo yana zagayawa, har jakin da ke jan ruwa a rijiya ma kai-komo yake yi. A nan Hausa ta fi su kaifi, domin ba ta tsaya ga zagayen ba, ta ambaci ido. Tambayar kawai ita ce: mutumin da ke kan keken nan, ina idonsa yake?

Ɗan tsere a tsakiyar ayari idonsa na kan tayar bayan wanda ke gabansa, tazarar da ba ta wuce taƙi guda ba, yana fakewa daga iska, ana sheƙa gudun kilomita 40 a awa ko fiye, mako uku ana abu ɗaya. Yakan ratsa gonaki da tsofaffin fadoji da bakin koguna bai ga ko ɗaya ba. Mu da ke gaban talabijin, jirgi mai saukar ungulu yana ɗauko mana hoto daga sama, mu ne muke buɗe ido. Shi bawan Allah aiki yake yi. Jami'in nan kuwa idonsa na kan kyamara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zaton da ke ƙarƙashin wannan ruɗani, wai mai yawo a keke ɗan tsere ne da ƙarfi ya gaza masa. Tarihi bai yarda ba. Akwai wani Bafaranshe, Paul de Vivie, da aka haifa a 1853, ɗan kasuwar siliki a garin Saint-Étienne, wanda keke ya shiga ransa har ya bar silikin. A 1887 ya fara buga mujallar masu keke yana sa hannu da laƙabin Vélocio, kuma shi ake jinginawa ƙirƙirar kalmar Faransanci da ke nufin yawon buɗe ido a keke. Ana ba da labarin cewa wata rana yana haki a hawan dutsen Col de la République, sai wani mai karanta mujallarsa ya zo ya wuce shi hankali kwance, yana zuƙar lofe. Abin ya tsaya masa a rai. Keken wancan zamani giya ɗaya gare shi: in ta yi daidai da hawa, ta yi maka laushi a shimfiɗaɗɗiyar hanya, in ta yi daidai da shimfiɗa, sai ta kashe maka gwiwa a hawa. Vélocio ya ƙarar da sauran rayuwarsa yana gwaji, yana rubutu, yana jayayya a kan keke mai giya da yawa, wanda za ka sauya wa sarƙa mazauni kana bisa sirdi.

To su wa suka ƙi? Ƴan tsere. Henri Desgrange, wanda ya kafa Tour de France a 1903, yana ganin sauya giya aikin raggaye ne da tsofaffi, namiji da cinyarsa ya kamata ya ci dutse. Shekara da shekaru gwanayen gasar sai sun sauka a gindin hawa, su kwance tayar baya, su juya ta ɗaya ɓangaren da ke da wani haƙorin, su ɗaure, sannan su hau. Sai a 1937 aka sakar musu mara, bayan Desgrange ya miƙa ragamar gasar ga wani. Wato na'urar da yau ake taƙama da ita a tsere, masu yawo ne suka raine ta, masu jaka a kariya, waɗanda ake wa dariya.

Wani abin dariya da Bahaushe kaɗai zai gane: mutumin da ya yi yaƙi a kan giya, shi ne kuma ya hana giya. Cikin ƙa'idoji bakwai da Vélocio ya bar wa mabiyansa akwai cewa ba barasa ba taba a kan hanya. Sauran ma har gobe masu yawo suna maimaita su: ka ci kafin yunwa, ka sha kafin ƙishi, ka ƙara riga kafin ka ji sanyi, ka cire kafin zafi ya dame ka, kada ka gajiyar da kanka har ka kasa ci ko barci. Wadda na fi so ita ce kada ka taɓa taka feda don alfahari. Shi kansa fa ba mai tafiyar hawainiya ba ne, yakan yi ɗaruruwan kilomita a tashi ɗaya. Saboda haka sauri ko nisa ba su ne ma'auni ba. Wani ya yi kilomita 30 a wuni, wani 150, duka yawo ne muddin ba wanda ke riƙe da agogo yana jiranka a ƙarshe. A 1930 jirgin titi, wato ƙaramin jirgin ƙasa da ke bin titunan cikin gari, ya buge Vélocio a Saint-Étienne ya mutu, yana da shekara 76, yana kan harkar kekensa.

Batun hanya kuwa, a ganina ba ƙari ba ne, cikin ma'anar yake. A babban titi ba ka da idon da za ka buɗe, ɗaya na kan gefen kwalta, ɗaya na leƙen babbar motar da ke huci a bayanka. A siririyar hanyar karkara, wadda mota biyu ba sa wucewa sai ɗaya ta raɓe, a nan ne kunne ke dawowa: ƙas-ƙas ɗin sarƙa idan ka saki feda a gangara, tsuntsun da ya tashi daga shinge, ƙanshin ciyawar da aka yanke tun kafin ka hango mai yankan. Tudun da ba ya sa ka sauka, kwarin da ba ya cinye birki. Ko faci ma ba musiba ba ce a irin wannan hanya. Ka kife keken a inuwa, ka ciro robar ciki, ka ba ta iska da famfo, ka kara ta a leɓe kana neman inda take hura, ba wanda ke maka ham.

Wasu ƙasashe sun ɗauki abin da gaske. A Ingila doka ta ba ƙananan hukumomi ikon ayyana wasu hanyoyin karkara a matsayin masu natsuwa, inda mai ƙafa da mai doki da mai keke ke da haƙƙi tare da mai mota. A tsibirin Jersey, tsakanin Ingila da Faransa, akwai hanyoyin da ba a yarda mota ta wuce mil 15 a awa ba. A lardin Limburg na Beljiyam, wani injiniyan haƙar ma'adinai mai suna Hugo Bollen ya kawo dabarar sanya wa kowace mararrabar hanyoyin keke lamba, aka fara aiki da ita a 1995, daga baya Holan ta ɗauka. Kafin ka fita sai ka rubuta lambobinka a ƴar takarda ka liƙa a kan keken, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. In ka isa wata mararraba ka ga hanyar hagu ta fi inuwa, sai ka soke lambar da ke gaba ka rubuta wata.