Auna dalilan hirar tuna baya tsakanin iyaye da ƙananan yara a Turkiyya

Hirar tuna baya ita ce tattaunawar da uwa ko uba ko wani mai raino ke yi da ƙaramin yaro a kan abin da ya riga ya wuce, kamar ziyarar da aka kai wa kaka ranar sallah, ko faɗuwar da yaron ya yi a wurin wasa, ko kukan da ya sha ranar da aka fara kai shi makaranta. Masana halayyar ɗan Adam masu nazarin tasowar yara suna ba wannan hira muhimmanci saboda a cikinta yaro ke koyon tsara abin da ya same shi ya zama labari mai farko da ƙarshe. Yara kan soma ambaton abin da ya wuce wajen shekara 2, kuma a lokacin babba ne ke ɗauke da mafi yawan maganar. Auna dalilan wannan hira a Turkiyya wani reshe ne na wannan bincike, kuma tambayarsa ita ce me iyayen Turkawa ke nufin cimmawa idan suka ce wa yaro ya tuna.

Binciken farko ya fi kallon yadda ake hirar, bai taɓo dalilinta ba. A 1988 Robyn Fivush da Fayne Fromhoff suka bambanta salo biyu a tsakanin iyaye mata na Amurka. Wasu kan faɗaɗa zance, su riƙa yin tambayoyi masu buƙatar bayani suna ƙara wa yaron sababbin bayanai, wasu kuwa kan maimaita tambaya ɗaya har sai sun ji amsar da suke jira. Elaine Reese da Catherine Haden da Fivush sun nuna a 1993 cewa 'ya'yan masu faɗaɗa zance kan taso suna ba da labarin rayuwarsu da cikakken bayani. Tambayar dalili ta zo daga baya, daga nazarin manya, inda Susan Bluck da Nicole Alea suka kasa amfanin tuna rayuwa gida uku: sanin kai, ƙulla dangantaka, da shiryar da hali a gaba. A kan wannan harsashi Sarah Kulkofsky da Jessie Koh suka wallafa, a 2009, wata takardar tambayoyi ta masu raino da ake taƙaita sunanta da CRS. Ana ba uwa ko uba jerin jimloli, kowace tana ɗauke da dalili ɗaya, kamar kwantar wa yaro da hankali, ko gyara masa hali, ko ƙarfafa shaƙuwa, ko kaifafa ƙwaƙwalwarsa, ko kuma hira kawai don nishaɗi, sai mai amsawa ya nuna yawan yadda yake yin hirar saboda wannan dalili.

Abin da ya sa Turkiyya ta zama fage mai daraja ga wannan tambaya shi ne ba ta shiga sosai cikin rabon da aka saba yi tsakanin al'ummun da ke fifita ɗaiɗaikun mutum da masu fifita jama'a. Binciken Qi Wang ta Jami'ar Cornell ya nuna iyayen Amurka farar fata kan sa yaro ya zama jigon labarinsa, yayin da iyayen ƙasar Sin kan karkata hirar ga ladabi da kyautata mu'amala. Çiğdem Kağıtçıbaşı (1940–2017), wadda ta koyar a Jami'ar Boğaziçi da Jami'ar Koç a Istanbul, ta kawo hanya ta uku. A binciken ƙimar 'ya'ya da aka yi a shekarun 1970, iyayen Turkawa da yawa suna kallon ɗa a matsayin mai taimakon gida da madogara a tsufa. Da ita da Bilge Ataca suka sake duba lamarin a 2005, suka tarar wannan ƙima ta tattalin arziki ta ragu ƙwarai, ƙimar ƙauna da jin daɗin zama da ɗa ta ƙaru. Ta yi bayanin cewa iyalin birni mai ilimin boko yana rainon yaro ya iya tsayuwa da kansa ba tare da ya yanke igiyar zumunci ba. Idan haka ne, dalilin "sanin kai" da dalilin "dangantaka", waɗanda takardar CRS ta Amurka ta raba, suna iya zama abu ɗaya a zuciyar uwar da ke Ankara, kuma wannan hasashe ne da awo kaɗai zai iya tabbatarwa ko ya rushe.

Ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce. A 2015 Başak Şahin-Acar da Michelle Leichtman suka kwatanta hirar iyaye mata da 'ya'yansu a gabashin Turkiyya da yammacinta da kuma Amurka, suka ga bambanci a salon zance har tsakanin yankunan ƙasar biyu. Saboda haka sakamakon da aka samo daga iyayen birni masu digiri ba ya wakiltar Turkawa baki ɗaya.

Kafin a yi amfani da takarda irin wannan a Turkiyya, ana fassara ta zuwa Turkanci, wani mai fassara da bai ga asalin ba ya mayar da ita Ingilishi, a kwatanta a gyara. Daga nan a raba wa iyaye masu yawa, a yi lissafin da ke nuna jimlolin da amsoshinsu ke tafiya tare, domin a ga ko rukunonin asali sun tsaya ko sun narke cikin juna. Ana gwada daidaiton kowane rukuni da ma'aunin da Lee Cronbach ya gabatar a 1951, inda aka saba karɓar 0.70 zuwa sama. Harshen kansa yana da nasa tasiri, domin Turkanci yana tilasta wa mai magana ya nuna a jikin aikatau ko ya shaida abin da idonsa ko ji ya yi, ta ɗafa-ƙeyar -di da -miş, kuma Ayhan Aksu-Koç ta nuna yara kan fara riƙe ta farkon. Uwar da ke ba ɗanta labarin ranar haihuwar kakansa da wadda ke tuna masa tafiyar jiya suna amfani da siga daban.

Babban raunin wannan awo shi ne yana kama abin da iyaye ke cewa suna nufi, ba abin da ke fita daga bakinsu a kan tabarmar cin abinci ba. Mutum kan zaɓi dalilin da ya fi kyan ji, kuma mafi yawan hirar tuna baya ba da shiri ake yin ta ba. Shi ya sa binciken da ya fi ƙarfi yake haɗa takardar da naɗar muryar uwa da ɗa, a ƙirga tambayoyinta da kalmomin motsin rai da ta furta, a gani ko wadda ta ce tana hirar don lallashi da gaske tana ambaton tsoro da baƙin ciki. Akwai kuma giɓin masu amsawa: iyaye mata ne suka mamaye wannan fanni, alhali a gidajen Turkawa da dama kaka ce ke riƙe da yaro da rana idan uwa ta tafi aiki, kuma labaran dangi da yawa daga bakinta yake jin su.