Waiwaye: Ɗamarar Van Allen da na'urar da ta yi shiru

Ranar 31 ga Janairun 1958 Amurka ta harba tauraron Explorer 1, ɗauke da na'urar Geiger, mai ƙirga ƙananan ƙwayoyi masu caji, da James Van Allen da ɗalibansa na Jami'ar Iowa suka haɗa. A ƙasa-ƙasa tana ƙirga ƙwayoyi wajen 30 a daƙiƙa, amma da tauraron ya haura kilomita 2,000 sai ƙirgen ya koma sifiri. Ashe ba lalacewa ta yi ba. Bututun Geiger na bukatar ɗan hutu bayan kowace ƙwaya, to idan suka yi masa rubdugu sai ya yi gum. Carl McIlwain, ɗaya daga cikin ɗaliban, ya tabbatar da haka a ɗakin gwaji, Explorer 3 mai na'urar naɗa da aka harba a Maris kuma ya kawo cikakken bayani. Haka aka gano ɗamarar Van Allen: zobba biyu na ƙwayoyi masu caji da suka kewaye duniya.

Tun farkon ƙarni na 20 Carl Størmer na Norway ya lissafa cewa maganaɗisun duniya zai iya tsare ƙwayoyi masu caji. Sputnik 2 ma ya ratsa wurin a 1957, sai dai ba ya naɗa, kuma yana kaiwa ƙololuwarsa ne nesa da tashoshin Tarayyar Sobiyet.

Ƙwayar da ta faɗa tarkon nan tana wulwulawa a jikin layin maganaɗisu, tana kai da komo tsakanin arewa da kudu, tana kuma zagaya duniya a hankali: ƙwayoyin elektaron gabas, na furoton yamma. Ɗamarar ciki, wadda ke farawa daga kusan kilomita 1,000, furoton ne suka mamaye ta, ba ta cika sauyawa ba. Ta waje, tsakanin kilomita 13,000 da 60,000, ta elektaron ce, tana kumbura tana sacewa gwargwadon guguwar rana.

Ɗan'adam bai tsaya ga kallo ba. Ranar 9 ga Yulin 1962 Amurka ta tarwatsa bam ɗin nukiliya na Starfish Prime, mai megatan 1.4, a tsawon kilomita 400 bisa tsibirin Johnston. Elektaron ɗinsa suka maƙale a tarkon. Tauraron sadarwa Telstar 1 da aka harba washegari bai kai shekara yana aiki ba, tiririn ya lalata shi.

Har yau ɓarnar da ɗamarar ke yi wa taurarin ɗan'adam iri uku ce. Tiririn da ke taruwa sannu a hankali yana cinye faifan sola. Furoton guda na iya juya lamba a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Mafi mugunta, elektaron masu ƙarfi kan ratsa garkuwa su taru cikin rufin wayoyi har su yi tartsatsi. Bisa kudancin Atlantika, inda ɗamarar ciki ke saukowa zuwa kusan kilomita 200, madubin hangen sararin samaniya na Hubble kan dakatar da wasu na'urorinsa.

Kumbunan Van Allen Probes biyu, da suka yi aiki daga 2012 zuwa 2019, sun gano ɗamara ta uku wadda ta yi kusan mako huɗu ta ɓace. Ɗamarorin duniyar Jupiter kuwa sun fi namu zafi nesa ba kusa ba, shi ya sa aka kulle kwamfutocin kumbon Juno cikin akwatin titaniyam mai kaurin santimita ɗaya.